Ɓarawon da Ya Ƙi Buɗaɗɗiyar Ƙofa

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Talata, Sufeto na fama da murfin kwanon abincinsa, sai Saje, mataimakiyarsa, ta leƙo ofis.

"Yallaɓai, an yi sata a benen da ke bayan banki. Littafi aka ɗauke."

"Littafin cak?"

"Na rubutu. Mai bangon kwali."

Sufeto ya dubi Saje, ya dubi kwano. Shekara ashirin da uku yana aikin ɗan sanda, ya bi sawun motoci da gwala-gwalai, amma ba a taɓa raba shi da abincin rana saboda littafin rubutu ba. Ya dai ɗauki hularsa, don Saje ta ce matar da ta bugo waya kuka take yi.

Ofishin da aka yi satar ɗaki biyu ne, babba mai kwamfutoci uku, da ƙarami a ciki mai ƙofar baya. An liƙe bango kaf da zanen wani tela mai dogon hanci. Mai ƙarar na zaune kan kujerar roba, dattijuwa ce da tabarau rataye a wuya. Kowa a ginin Gwaggo yake ce mata, har mai gadin da ya girme ta.

"Me ake yi a nan, Gwaggo?" in ji Sufeto.

"Wasan kwamfuta muke haɗawa, Yallaɓai. Irin wanda za ka nuna abu a allo ka danna. Ba harbi, ba gudu. Tela ne allurarsa ta ɓace, kai kuma ka taya shi nema. Ka tsinci wannan, ka haɗa da wancan, hanya ta buɗe, ka wuce gaba."

Ita da mijinta suka fitar da kashi na farko shekara ashirin da suka wuce. Maigidan ya rubuta na biyu da hannunsa, rai ya yi halinsa kafin a soma aikin. Bara masoya wasan suka gaji da jira, suka yi karo-karo ta intanet, mutum dubu huɗu da 'yan kai, kowa da abin da ya sawwaƙa. Gwaggo ta yi musu alkawarin ƙarshen wannan watan. Babi ɗaya ya rage, na ƙarshe, yana kuma cikin littafin da aka sace.

"Babu kwafi?"

"Shafukan ƙarshen ɗinke su ya yi da zare," in ji Gwaggo. "Ya ce kada in farke sai ranar da za a yi aikinsu. Ranar kuwa gobe ce. Ni kaina ban sani ba ko telan ya sami allurarsa. Idan littafin nan ya ɓace, me zan ce wa mutum dubu huɗu? Shi kuma me zan ce masa?"

Sufeto ya manta da kwanonsa. Ya tausaya mata ƙwarai.

Saje ta kira shi ƙaramin ɗakin. Ƙofar baya a buɗe take. A bakinta, ta waje, ga fallen jarida a shimfiɗe, ga guntuwar wayar ƙarfe a gefe.

Wani dogon mutum mai jajayen idanu ya matso. Ɗan ƙanwar Gwaggo ne, shi ke rubuta umarnin da ke tafiyar da wasan, shi ya sa ake ce masa Injiniya.

"Wannan ƙofar kullum a kulle take, mabuɗin yana jikinta ta ciki," in ji shi. "An turo jarida ta ƙarƙashi, an tsokano mabuɗin da waya ya faɗo kanta, an janye."

"Ƙofar gaba fa?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ita ba ma kulle ta idan mun fita cin abinci. Turo ta kawai muke yi."

"Wato ɓarawo ya bar buɗaɗɗiyar ƙofa, ya zagaya, ya durƙusa yana fama da jarida?"

"Ai dabarar tana cikin wasanmu na farko, Yallaɓai. Duk wanda ya saba da irin waɗannan wasanni ba ya yarda da buɗaɗɗiyar ƙofa. A wurinsa abin kirki yana bayan kullalliya."

"Wasan naku yana da wata matsala?"

"Ko ɗaya," in ji Injiniya da sauri. Saurin ya yi yawa, Sufeto kuma ya lura.

A babban ɗakin, matar da ke zana hotunan wasan tana ta ɗaga takardu tana tsaki. Mai Zane ake kiranta.

"Me kike nema?"

"Cokalin shayina. Da robar ɗaure fensira. Ga guntun kyandir da ke kan taga, shi ma babu. Har marfin gam."

Saje ta dakata da rubutu. "Ya tsallake kwamfutoci uku ya ɗauki marfin gam?"

Mai Zane ta yi dariya duk da halin da ake ciki. "Dokar wasan ke nan, 'yar'uwa. Duk abin da ya ɗauku, ɗauke shi, ba ka san inda zai yi maka rana ba. Masoyanmu idan suka kawo ziyara, sai mun ƙirga bironmu bayan sun tafi. Ba sata ba ce, hannu ne ya saba."

"To, mun ci gaba," in ji Sufeto. "Ɗazu ba mu da wanda ake zargi. Yanzu muna da dubu huɗu."

"Su wa suka san inda littafin yake?" Saje ta tambaya.

"Masu gwaji," in ji Mai Zane. "Mutum biyar cikin masoya, muna ba su wasan su buga kafin kowa, su faɗa mana inda ya karkace."

Sufeto ya zauna a teburin Injiniya kamar mai hutar da ƙafa. Ya ɗaga madannin kwamfutar. A ƙarƙashinsa ga 'yar takarda ruwan ɗorawa, an rubuta: "Aljihu. Kada Gwaggo ta ji."

Ya ja Injiniya baranda.

"Aljihun wa?"

Gumi ya karyo wa Injiniya. "Na telan ne, Yallaɓai, wallahi ba na mutum ba. Kuskurena ne. Aljihun telan a cikin wasan abu arba'in kawai yake ɗauka. Idan ya cika, ko me ka danna ba zai ɗauku ba, wasan kuma ba ya gaya maka dalili. A babi na shida akwai gada, ba a ƙetare ta sai an ɗauki igiya. Mai cikakken aljihu ba zai wuce ba har abada."

"Me ya hana ka gyarawa?"

"Ina kai. Na so in gama shiru, kada Gwaggo ta ce na ba ta kunya."

"Cikin biyar ɗin wa ya maƙale?"

Injiniya ya nuna masa a waya, inda ake ganin matakin da kowane mai gwaji ya kai. Huɗu sun ƙetare tuni. Ɗaya yana bakin gada mako uku cur, ya danna igiyar nan sau dubu ɗaya da ɗari shida.

"Shugaban ƙungiyar masoya ne," in ji Injiniya. "Shi kaɗai ke tsince komai, har tsakuwa. Kemis gare shi a layin asibiti."

Shugaba mutum ne kakkaura mai furfura a gemu, sanye da farar rigar aiki. Ya manna hoton telan a saman kantar magunguna, kusa da lasisinsa. Ya tarbe su da fara'a.

"Na ji abin da ya faru! Wannan ai cin amana ne. Ni na fara sa hannu a karo-karon nan, Sufeto, minti biyu da buɗe shafin."

"Ina kake da ƙarfe ɗaya zuwa biyu?"

"Nan, ko ƙofa ban leƙa ba."

Saje ta dubi kwalin da ke rataye a bayan ƙofar shagon, wanda aka rubuta "Ina dawowa" a kai. Igiyarsa sabuwa ce, kamar yau aka fara rataya shi.

"An ce kai gwani ne," in ji Sufeto.

"Ba yabon kai ba, shekara ashirin ban taɓa tambayar kowa amsa ba. Ni ake tambaya. Mutum dubu huɗu, duk wanda ya maƙale ni yake nema."

"Babi na shida fa? Na ji ana maganar wata gada."

"Wannan? Tun ranar farko na wuce ta."

"Madalla. Ka zo ofishin Gwaggo da ƙarfe biyar ka taimaka mana. Aikin nan sai da masani."

Da suka fito Saje ta ce, "Mu nemo takardar bincike mu juye shagon mana, Yallaɓai."

"Idan ya tsorata ya ƙona littafin fa? Ko ya jefa a kwata? Ba mutumin nake nema ba, Saje, shafukan nan nake nema. Kowa da inda ake kama shi. Wannan ta girman kai za a bi masa."

Ƙarfe biyar Shugaba ya iso da jakarsa a kafaɗa. Ya tarar da Sufeto zaune gaban kwamfuta, ya riƙe linzaminta kamar mai riƙe da ɗanyen ƙwai. Tun da farko ya sa Injiniya ya buɗe masa babi na shida da aljihun tela babu komai a ciki. Gwaggo da Mai Zane na tsaye a baya.

"Zauna, Shugaba. Ina ɗan gwadawa ne kafin mu fara. Ni ko wasan waya ban iya ba."

Shugaba ya yi murmushin babba ga ƙarami. Ga gada a allo, ga tela, ga igiya a ƙasa.

"Wannan mece ce? Igiya?" Sufeto ya danna. Tela ya sunkuya ya ɗauka.

Murmushin Shugaba ya tsaya cak.

Sufeto ya ɗaura igiyar a bokiti, ya cika shi da ruwa, gada ta sauko. Tela ya ƙetare yana fito.

"Au, shi ke nan? Wannan ce gadar? Ai ko jikata za ta wuce."

"Ba zai yiwu ba!" Shugaba ya miƙe har kujera ta faɗi. "Igiyar nan ba ta ɗauko! Mako uku ina danna ta! Ɗazu ma na bi littafin layi-layi, ya ce ɗauki igiya, na danna, ta ƙi!"

Kowa ya zuba masa ido, tela na ta fito a kwamfuta.

"Wane littafi?" in ji Sufeto a hankali.

Shugaba ya dubi Gwaggo. Sai ya ɗaga kujerar ya zauna, ya zuge jakarsa. Ya fito da cokalin shayi, da roba, da guntun kyandir, da marfin gam, ya jera su a tebur. Daga ƙarshe ya zaro littafi mai bangon kwali, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki yafe mini, Gwaggo. Kunya ce ta kai ni. Ni da ake tambaya, ta yaya zan buɗe baki in ce na kasa? Na ce bari in leƙa shafi ɗaya in mayar kafin ku dawo. Da na ga amsar ita ce abin da nake ta yi, kaina ya ɗaure, na fita da shi."

"Cokalina fa?" in ji Mai Zane.

"Wallahi ban san lokacin da na ɗauka ba."

Injiniya ya yi gyaran murya, ya faɗi gaskiya game da aljihun telan, idonsa a ƙasa. Shugaba ya zura masa ido.

"Wato ba ni na kasa ba?"

"Ba kai ba ne. Wasan ne."

"Alhamdu lillahi!" in ji Shugaba, fuskarsa ta washe. Sufeto bai taɓa ganin wanda ya amsa laifin fasa ofis cikin irin wannan farin ciki ba.

Gwaggo ba ta ji ko ɗaya ba. Ta sa tabarau, ta juya zuwa ƙarshen littafin. Ta bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa. Zaren yana nan yadda mai shi ya bar shi.

"Ba ka farke ba," ta ce.

"Ni? Haba, Gwaggo! Shekara ashirin ina jiran ƙarshen nan. In ɓata wa kaina shi a bayan kantar magunguna?"

Gwaggo ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta ce ita ta yafe, amma Sufeto ya ce fasa ofis fasa ofis ne, sai an je caji ofis an rubuta jawabi, abin da zai biyo baya kuma sai gobe. Saje ta sa masa ankwa, ba ta matse ba.

"Ba zan iya jira har gobe ba," in ji Gwaggo. "Yau na ga yadda ake rasa abu. Miƙo mini almakashi, 'yata."

Mai Zane ta miƙa mata. Zare ya tsinke. Gwaggo ta buɗe shafin, ta ga rubutun mijinta da ba ta taɓa karantawa ba, ta ja numfashi za ta fara da ƙarfi don kowa ya ji.

Shugaba ya ɗaga hannuwansa da ankwa, ya toshe kunne ɗaya, ya danne ɗayan da kafaɗa, ya nufi ƙofa yana jan Saje.

"Sufeto, don girman Allah mu tafi! Ku rufe ni da wuri kafin ta karanta!"