Tarwaɗar da Aka Karya wa Ƙaya

Rahoton da ya iso caji ofis da safe ya ba kowa dariya: an musanya kifin da aka kamo daga kogi don gwaji.

"Yallaɓai, in taho da barkono?" in ji Saje.

Sufeto kuwa bai ga abin dariya ba. Ya san kogin. Tun yana yaro aka rufe masana'antar maganin ƙwari da ke bakinsa, amma gubar da ta zubar tana nan kwance cikin taɓo, tana taruwa a kitsen kifi. Shi ya sa aka hana kamun kifi a wurin.

A ɗakin gwaji ya tarar da Dakta tsaye gaban firiza. Ita ce matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana auna gubar nan shekara bayan shekara, har furfura ta tsiro mata tana bakin aikin.

"Gwajin bana ya fito fes," ta ce. "Ya kamata in yi murna, amma na kasa. Gubar nan ba ta gushewa dare ɗaya. Gobe hukuma za ta zauna. In ta ga wannan sakamako za ta buɗe kogin, yara su ci kifinsa."

Sufeto ya sa safar hannu ya tsaga cikin tarwaɗa ɗaya. Abincin kifin gona ne cunkus. Wannan ba ta taɓa ganin kogi ba.

Ya juya ta, ya shafa gefen kanta. "Dakta, ku kuke karya musu ƙaya?"

"Allah ya kiyaye. Ƙayar muke yankawa mu ƙirga zoben da ke cikinta, mu san shekarun kifin. Tsoho ya fi tara guba."

Duk ƙayoyin an karya su, dama da hagu, karya mai kyau ta gwanin hannu.

Maigadi ya rantse ko ƙuda bai shiga ba. Da Sufeto ya ƙura masa ido, sai ya tuna yakan zaga shan shayi.

Mataimakin Dakta, wani dogo mai farar riga, ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, a tambayi mai kwalekwalen da ke kamo mana. Ni a birni na tashi, sai a faranti na san kifi."

Aka kira mai kwalekwalen, wani tsoho. Ya miƙa tafukansa, duk tabon sukar ƙaya. "Ɗana, dubi nan. Tun da baiwar Allahn nan ta hana ni karya ƙaya nake shan suka. Kunya ta hana ni ce mata da zafi."

Sufeto ya daɗe yana kallon hannuwan. Sannan ya raɗa wa Saje magana.

Saje ya dawo da bokiti. Yana shigowa ya yi tuntuɓen ganganci, wata ƙatuwar tarwaɗa mai rai ta faɗo tana bugun tayil ɗin ƙasa. Dakta ta ja baya. Kafin tsohon ya sunkuya, mataimakin ya cafke ta a wuya, babban yatsansa ya danna. Ƙas. Ƙas.

Ƙayoyin biyu suka karye.

"A wane faranti ka koyi wannan?" Sufeto ya tambaya a hankali.

Mutumin ya dubi hannunsa kamar na wani. Ya zauna a ƙasa.

"Babana masunci ne," ya ce. "Tun da aka rufe kogin yake zama a bakin ruwa yana ɗinke ragar da ba za ta jiƙe ba. Na so ya sake jefa ta sau ɗaya kafin ya mutu."

"Kifin farko da zai kamo fa," Dakta ta ce, "wa zai kai wa?"

Ya rufe fuska. "Jikokinsa."

Saje ya sa masa ankwa, wannan karon ba wasa a bakinsa.

Daga ƙofa Sufeto ya waiwaya. Dakta ta riga ta zura takalman roba, ta rataya akwatin ƙanƙara.

"Baba, tashi mu koma ruwa," ta ce wa tsohon. "Kafin 'yan hukuma su zauna gobe ina son kifin gaskiya a teburinsu."