Azurfar Gidan Hajiya A'i

Hayaƙi ya cika ɗakin har ba a ganin silin sosai. Khairat na zaune a bakin gado, ƙafafu a miƙe, kaskon wuta a gabanta, tana kallon garin magani yana narkewa a kan garwashi. Wari ne mai shaƙe maƙogwaro, amma ko tari ba ta yi. Tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti hannu rabbana, ba ta jin wari, ba ta jin yunwa, ba ta jin komai. A miƙa mata kunu ta sha, a ce ta tashi ta tashi.

Yaron bai kwana a duniya ba. Da safe aka yi masa huɗuba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Mata suka cika gidan nan na Ƙofar Wambai suna ba ta haƙuri, ita kuwa ko ɗigon hawaye. Mutane kuma ka san su, in ka yi kuka su ce ba ka da tawakkali, in ka yi shiru su ce ba ka da zuciya. Tun kafin a watse aka fara ƙus-ƙus.

Surukarta, Hajiya A'i, ita ta ɗauki nauyin jegon, don mahaifiyar Khairat ta daɗe da rasuwa. A faɗi gaskiya kuma, ta yi. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ce kuma ta kawo wannan hayaƙin — haɗin tsari ne da ta gada wurin tata uwar, sassaƙe da ƙaro da farar wuta, wannan mai ruwan ɗorawa ta wurin 'yan magani. Ta ce a turara ɗakin kullum bayan la'asar saboda bakin mutane.

A gaban madubi kuwa awarwaron azurfa ne a zube, da sarƙarsu. Su ne abin alfaharin gidan. Kakar mijinta Musaddiq ta bar wa Hajiya, Hajiya ta zura wa Khairat a hannu ranar buɗar kai, ta ce matar babban ɗa ke riƙe su. Ranar naƙuda Khairat ta cire su ta ajiye a nan, ba ta ƙara taɓa su ba. A kan idonta suka dusashe, suka koma ruwan ƙasa, suka yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ba wai ba ta san dalili ba ne. Kafin aure a shagon Madam Bernadette take aiki a Kasuwar Muda Lawal, wurin sarƙoƙi da 'yan kunnen fashan. A nan ta koyi cewa laimar damina ke kawo tsatsa, ba a fesa turare a kan sarƙa, ba a ajiye ta da zufa a jikinta. A goge, a naɗe a farin ƙyalle, a sa a gwangwani mai murfi da gutsuren alli ya shanye danshi. A nan ma Musaddiq ya gan ta. Kullum ya zo wai sayen zobe wa ƙanwarsa, har ran da Madam ta dube shi ta ce, "Oga, wannan ƙanwa naka, yatsa nawa yake da shi?" Ranar Khairat ta yi dariya har da riƙe ciki.

Yanzu tana tuna dariyar kamar labarin wata. Ta san hayaƙin nan ne ke cin azurfar. Tashi ta ɗauke su ne ya gagare ta. Abin da ta ɗauka wata tara ya tafi, ƙarfe ne za ta tsaya lallaɓawa?

Yayar Musaddiq, Anti Amatullah, ita ta fara gani. Ta zo daga gidanta wai duba mai jego, idonta ya sauka gaban madubi. Ta ɗaga awarwaro ɗaya da yatsu biyu kamar ta ɗauko mushen ɓera, ta fita tsakar gida tana salati, tana kiran Hajiya ta zo ta ga ikon Allah.

Daga ɗaki Khairat ke jin komai. Anti ta ce azurfar nan ta ga kaka ta ga uwa ba ta taɓa sauya launi ba, sai a hannun wannan. Ta shiga lissafi: tun shigowarta motar da ta ɗauko wa Musaddiq shinkafa ta kife a hanya, rufin sito ya yi yoyo, ga ɗa ya zo ya koma, uwar ko ƙwalla. Ta ce ita ba ta son faɗa, amma sunan abin farar ƙafa, kuma azurfa ba ta ƙarya.

Hajiya ta daɗe tana juya awarwaron a tafin hannunta. Mace ce da ta kwana biyu tana neman inda za ta sauke abin da ke ƙirjinta, sai ga shi an nuna mata wuri.

Da Musaddiq ya dawo kasuwa, a ɗakin Hajiya aka tare shi. Ta ce ba ta tsani yarinyar ba, Allah ya gani, amma ba za ta zuba ido gidan ya ƙare ba. Ranar Juma'a Bappansa zai zo bayan masallaci, a gabansa zai rubuta mata takarda, a mai da ita gidan ubanta a Inkil. In kuwa ya ƙi, to ya nemi wata uwar.

Ya shigo ɗakin Khairat idonsa jajir, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Kin ji abin da ake cewa?"

"Na ji."

"Ke da kika san kan kayan nan, me ya same su?"

"Hayaƙin ne. Farar wuta ba ta shiri da azurfa." Ta faɗa kamar mai ba da labarin farashin gishiri. "Amma kada ka faɗa mata, Yaya. Don ni ta kawo shi."

"In yi shiru a raba ni da ke?"

Ta ɗaga kafaɗa kaɗan. Wannan ɗaga kafaɗar ta fi masa zafi a kan duk abin da aka faɗa a wancan ɗakin. Ya riƙe hannunta, sanyi ƙalau. Ya ce mata ko ita ta haƙura da shi, shi bai haƙura da ita ba, kuma yana da sauran yatsu da yawa da bai saya wa zobe ba. Ba ta yi dariya ba. Amma ba ta janye hannun ba.

Bai ji maganarta ba, washegari ya durƙusa gaban Hajiya ya faɗa. Kai, ranar gidan ya ɗauki zafi. Hajiya ta ce lallai an gama da shi, wato maganin uwarta, wanda aka turara shi da shi yana tsumma, shi ne yau ya zama mai ɓarna? Anti Amatullah ta ce wannan ai karatun kasuwa ne, an koya masa ya haddace. Shi dai kansa a ƙasa. Bai ɗaga wa Hajiya murya ba, bai kuma ce zai rubuta ba. Ya ce ta yafe masa, hannunsa ba zai iya ba.

Hajiya ta shiga ɗakin Khairat da kanta ta kwashe azurfarta, ta ɗauke kaskon ma, ta ce asarar magani ne. Ta zauna a tsakar gida da toka da lemon tsami tana dirza, tana huci, har suka fito fari tas suna ɗaukar ido. Ta ɗaga su sama don kowa ya gani, ta ce to ga su a hannun masu su. Sai dai a cewarta wanki bai isa ba, sai an kori abin da yarinyar ta bari a jikinsu. Ta rataye su a ƙusa a ɗakinta, ta ajiye kasko daidai ƙarƙashinsu, ta rufe taga. Anti kuwa don abin ya yi ƙarfi ta ƙara farar wuta da cikin hannu. Safe da yamma ana turare.

Khairat ta ga hayaƙin yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar Hajiya. Ta san abin da zai faru, amma bai sa ta murna ba. Ta ninke kayanta ta zuba a akwati, ta zauna. Musaddiq ya dawo ya gani, ya zazzage su a durowa. Da ya fita ta sake ninkewa. Haka suka yi ta yi.

Ranar Juma'a da hantsi, gida shiru, aka yi sallama a ƙofarta ƙasa-ƙasa. Hajiya ce ita kaɗai, da ƙulli a bakin mayafi. Khairat ta sauko ta shimfiɗa mata darduma, ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum. Hajiya ta zauna. Ta kwance ƙullin ta zube a tsakaninsu.

Baƙin ya fi na da. Har wani shuɗi-shuɗi yake yi.

"A ɗakina suka yi," in ji Hajiya, muryarta a dishe. "Ba wanda ya taɓa su sai ni. To in azurfa ba ta ƙarya, faɗa min, ni ce?"

Da wata ce, nan za ta rama, kuma ba mai ganin laifinta. Khairat ta tashi ta fita murhu, ta ɗebo toka mai laushi ta tankaɗe, ta kawo ruwa kaɗan da tsohon ɗankwali. Ta ɗauki awarwaro ɗaya ta shiga murzawa a hankali, ba dirza ba. Wani ɗan wuri ya buɗe, fari.

"Ba ke ba ce, Hajiya, ba kuma ni ba ce. A sama baƙin yake, bai shiga ciki ba."

Hajiya ta zuba wa farin wurin ido. Can ta miƙa hannu ta ɗauki wani, ta dangwali toka, ta fara kwaikwayon yadda yarinyar ke yi. Suka yi ta murzawa, Khairat na nuna mata yadda ake ajiye azurfa a gwangwani da alli. Sai da suka kai kan sarƙar Hajiya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ita ta karɓi jaririn daga hannun nas, ita ta naɗe shi a zaninta, da ɗuminsa. Ta ce tun ranar ba ta yi barcin kirki ba, tana ta neman wanda za ta tuhuma, don ta kasa cewa haka Allah ya so.

"Goshin ubansa ne da shi," ta ce. "Abdulsalam."

Tun da aka binne shi ba wanda ya kira sunan a gidan. Kowa "yaron" yake cewa, ko "abin da ya faru". Hannun Khairat ya tsaya. Wani abu ya taso mata daga ciki, ta buɗe baki ta yi numfashi, sai kuka — irin wanda ke fita da sauti, mai girgiza kafaɗa. Hajiya ta jawo ta jikinta da hannuwa duk toka, tana cewa yi, 'yar nan, yi, ni ma ban yi nawa ba.

A haka Musaddiq ya same su da ya shigo shirin masallaci. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga akwati a gefe, ya ga azurfa a ƙasa, ya ga matarsa na kuka, ya kasa gane ko an gama ne ko an fara. Hajiya ta share ido da bayan hannu ta harare shi.

"Tsayuwar me kake yi kamar an dasa ka? In Bappanka ya zo ka ce tuwo na kira shi ci. In za ka dawo kuma ka biya ka sayo alli, ta ce ana sawa a gwangwani."

Anti Amatullah ta zo da azahar da shirinta na rakiya, ta tarar ana zazzage akwati. Hajiya ta ce mata ta ɗauki kaskon nan ta kai bayan gida, ta haɗa da bakinta ta ajiye a can.

Da yamma Khairat ta shanya azurfar a inuwa har ta bushe sarai, ta goge, ta naɗe kowanne a farin ƙyalle, ta rufe gwangwani. Awarwaro ɗaya ta bari a waje. Musaddiq ya zura mata shi, ya ce wannan na ƙanwarsa ne. Ta yi ɗan murmushi, idonta a kumbure. Ba ta warke ba, ba a warkewa a yini ɗaya. Amma ta ce masa tana jin yunwa.

Haka abin yake. Azurfa da zuciyar mutum duk suna dusashewa in an bar su cikin hayaƙi, kuma sau da yawa mai son ka ne ya hura wutar bai sani ba. Kafin ka ga baƙi a jikin wani ka yanke masa hukunci, duba kaskon da ke hannunka. Wanda kuma ya yi haƙuri ya murza a hankali, zai tarar farin yana nan inda ya bar shi.