Rumfar Kwanar Zango

Ku matso, ku bar motsa tabarmar nan. Ladidi, rage fitilar. Abin da zan ba ku ba da dare ma ya faru ba, da rana tsaka ne, shi ya sa ya fi ba ni tsoro.

Kun san Kwanar Zango, inda ake jiran motar birni. Da can wata tsamiya ce a wurin, inuwarta na ɗaukar mutum talatin da kayansu. A kan saiwoyinta ake zama. Amma akwai saiwa ɗaya ta gabas da ba mai hawa, kuma duk wanda ya zo sai ya yi sallama, ko bai ga kowa ba. Direbobin bas ma ko babu fasinja sai sun rage gudu.

Sai aka ba wani Injiniya Sabi'u aikin gina rumfunan jiran mota a hanyar. Injiniya a baki kawai. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa tsayawa bakin titi ya ɗaga wa mota hannu ba, shi ne zai koya wa mutane jira. Ya zo da farar hular kwano da tumbi a gaba, ya ce tsamiyar ta tare masa layi, a sare.

Kande mai gyaɗa, wadda ta shekara ashirin tana kasa kaya a gindin bishiyar, ta roƙe shi ya matsar da rumfar taku goma. Ta gaya masa ba mutane kaɗai ke jira a nan ba. Ya yi dariya har hular ta karkace, ya ce ƙauyanci ne ke damunsu. Da yamma tsamiya tana ƙasa.

To ku ji abin da ya gina. Rufin roba mai haske, irin wanda ya gani a hoton wata ƙasa mai sanyi, rana na ratsa shi kamar babu. Benci na ƙarfe, wanda kafin hantsi ya isa a toya ƙwai a kai. Kuma da yake ya ƙi yin cikon ƙasa, bencin ya yi tsawo, ƙato ma in ya hau sai ƙafafunsa su yi ta lilo. Tsofaffi suka haƙura da zama. Mata masu goyo suka koma raɓewa a bayan allon da ya rubuta sunansa, don shi kaɗai ke da 'yar inuwa.

Ana jibi za a buɗe rumfar, ya zo shi kaɗai ɗaukar hoto. Rana ta take. Ya gama, ya shiga motarsa, ta ƙi tashi. Ya duba waya, babu sabis. Babu kowa a kwanar, ko akuya. Dole ya hau bencinsa, bai yi sallama ba. Ƙarfen ya gasa shi ta cikin wando, ya yi tsaki kamar wani ne ya ƙera.

Bas ta taho. Ya ɗaga hannu. Ta wuce. Ta biyu ta taho da kujeru a fili, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran birni. Idonsa ya bi ta kan Sabi'u kamar ya kalli iska.

Sai ya ji ƙamshin ɗanyar tsamiya.

A ƙarshen bencin, ta gabas, wata tsohuwa ce zaune. Bai ga zuwanta ba. 'Yar ƙarama, ba ta kai ƙirjinsa ba, ta lulluɓa da baƙin zane. Ba ta gumi. Shi kuwa ya jiƙe sharkaf.

"Iya, yaushe motar birni ke tsayawa?"

"Jira," in ji ta. Muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga ƙasa ta fito, inda kututturen yake.

Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Nan ya gani. Ƙafafunsa na lilo a sama. Nata kuwa suna ƙasa, a shimfiɗe, sun sauka daga bencin sirara, dogaye, yatsun sun nutse cikin simintin.

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, ya tarar rabonsa da ita tun yana makarantar allo. Ya so ya diro, jikinsa ya ƙi. Motoci suka yi ta wucewa, ya ƙirga har ya ɓata lissafi. Agogonsa na tafiya, rana kuwa ba ta gusa ba.

"Da zafi?" ta tambaye shi.

"Da zafi, Iya."

"Wata biyu ke nan muna ciki. Mu da su Kande."

Ya fara rantse-rantse, zai sake rufi, zai yi ciko, zai yi kaza. Babban mutum yana kuka da majina. Ba ta ko dube shi ba. Ta miƙo hannu ta ajiye masa wani abu a tafinsa, ƙwallon tsamiya guda ɗaya.

"Ka shuka. Ranar da tsamiyar ta yi inuwa, kai ma ka samu."

Da ya ɗaga kai babu kowa. Wata bas ta tsaya a gabansa, direban na tambaya ko lafiya.

Tun daga ranar Sabi'u bai sake sanin inuwa ba. Ya shiga ɗaki, rana na kansa. Ya kunna fanka, ya shige ƙarƙashin gado, ya yi wanka sau goma, ƙeyarsa na ƙuna kamar yana tsakiyar titi. Cikin damina ana rawar sanyi, shi yana fifita da hula. Asibiti suka auna suka ce ba su ga komai ba.

Ya koma ya cire robar ya sa kwano da silin. Ya yi ciko, ya kawo benci na katako, har da randa. Rumfa ta yi kyau, mutane suka samu wurin zama, kuma ba wanda ya ce masa sannu. Ƙwallon kuwa ya shuka shi a gefen gabas, ya kewaye da ƙaya. Kun dai san tsamiya ba ta sauri.

Shekara shida ke nan. Na gan shi da idona ranar kasuwar da ta wuce, ya rame, tumbin ya tafi, yana tsugune da bokiti a gindin dashen. Inuwar ba ta fi faifai ba. Ya cusa kansa a ciki, sauran jikin na waje.

Don haka in kun je Kwanar Zango, ku yi sallama kafin ku zauna, ku bar ƙarshen bencin na gabas. Kada wanda ya tsaya can shi kaɗai da rana tsaka. In kuma kun ga wata a zaune, kada ku kalli ƙasa.