Ranar da Saude Ta Ce Akwai Gajiya

Inuwar rumbu ta fara janyewa daga tsakar gidan Malam Jatau masaƙi, a Bungudu, lokacin da Saude ta jingine taɓarya, ta zo ta durƙusa gaban surukinta kamar yadda take yi kowace safiya shekara huɗu ke nan.

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ina gajiya?"

Bai ko ɗago kai ba, domin tambaya ce da ba a jiran amsarta. Kowa ya san "ba gajiya" za a ce. Saude ta dubi yatsunta da allin kaɗi ya tsattsaga, ta buɗe baki za ta faɗi abin da aka saba, sai ta ji ya ƙi fitowa.

"Akwai gajiya, Baba."

Ƙwarya ta suɓuce daga hannun Inna Tambaya, uwar mijinta. "Mi kika ce? La'ilaha illallahu! Surukin naki kike mayar wa da gaisuwa?"

Zare ne ya haɗa Saude da mijinta Labbo. A kasuwar Kwatarkwashi ya ga wani ƙullin zare siriri, mai laushi, ya rantse sai ya ga hannun da ya kaɗa shi. Da ya gani kuwa, bai sake barci mai daɗi ba sai da aka ɗaura musu aure. Amma gwanintar da ta jawo mata so ita ta zame mata hukunci. A shekarun nan da ake ta zancen za a kawo hanyar jirgin ƙasa Gusau, fatake suka riƙa neman saƙar gidan, aka ce ai zaren Saude ne kaɗai ba ya ba da kunya, sai aka ɗora mata na masaƙa huɗu. Ba a kuwa rage mata daka ba, ba a rage mata rijiya ba. Da farko takan yi waƙa in mazari na juyawa. Daga baya waƙar ta ɗauke, hannu na aiki, zuciya ba ta wurin, kuma ba mahalukin da ya lura, tunda zare bai fasa fitowa ba.

"Ni fa ba a yi mini haka a gida," in ji Malam Jatau. "A kira mini Labbo!"

Labbo ya shigo daga zauren saƙa, ya tsuguna. Inna Tambaya ba ta bari ya numfasa ba.

"Matarka ta gaji da mu, ta faɗa da bakinta gaban ubanka! Yau ɗin nan ka rubuta mata takarda ta koma Kwatarkwashi, ko kuwa ka nemi wata uwar!"

Hawaye suka zubo wa Saude. Ba ta yi mamakin Inna ba. Shirun Labbo ne ya soke ta. Ya miƙe, ya koma zaure, ita kuwa ta sakankance alƙalami ya tafi ɗaukowa.

Sai ga shi da ƙyalle biyu na farar saƙa. Ya ɗora na farko a tafin mahaifinsa.

"Baba, shafa wannan. Zarenta ne na shekarar da ta zo."

Tsohon ya shafa. "Sumul."

"To ga na wannan wata. Juya bayansa."

Yatsun Malam Jatau suka bi ƙyallen, suka tsaya, suka ƙara gaba, suka sake tsayawa. Ƙulli ne bayan ƙulli, kowanne an tura shi baya don kada mai saye ya gani.

"Wa ya ɓoye wannan?"

"Ni ne," in ji Labbo, kansa a ƙasa. "Shekara guda ke nan zarenta na tsinke mini a kan masaƙa. Na san hannun da ya gaji ne ke kaɗa irinsa. Ina ƙullawa, ina turawa baya, da safe in tambaye ta gajiya, ta ce babu, in ji daɗi in wuce. In akwai wanda ya yi wa gidan nan ƙarya, ni ne, ba ita ba. Inna, ki gafarce ni, amma ba zan saki Saude don ta faɗi gaskiya sau ɗaya ba."

"Gaskiya!" Inna Tambaya ta miƙo hannayenta, yatsun duk sun lanƙwashe. "Dubi nan! Shekara talatin ina kaɗi a gidan ga, wa ya taɓa jin na ce na gaji?"

Saude ta share ido, ta ce a hankali, "Inna, da ba ki ce ba, ba ki gaji ba ne?"

Tsohuwar ta sauke hannayenta. Ta zauna a kan turmi tana kallon yatsunta. Malam Jatau ya daɗe yana duban matarsa, kamar yau ya fara ganin hannayen nan.

"Za ta tafi Kwatarkwashi," ya ce, zuciyar Saude ta faɗi. "Labbo, kai za ka raka ta, kai za ka ɗauko ta in wata ya kama. Masaƙa uku su nemi zare a kasuwa. Ke kuma Tambaya, ajiye mazarin nan haka."

Da hantsi suka kama hanya. Da duwatsun garin su Saude suka bayyana, Labbo ya rage tafiya.

"Saude, ina gajiya?"

"Ba ga—"

"A'a. Ina jira."

Ta dube shi, murmushin da ya shekara bai gani ba ya ɓullo. "Da sauranta, Malam. Amma ta fara sauka."

Haƙurin Saude ya kai ta ga sauƙi, amma kada kowa ya ɗauka shirunta ne ya cece ta. Zalunci ne a mayar da gwanintar mace dalilin ƙara mata kaya, a kuma koya mata cewa faɗin ciwonta rashin tarbiyya ne. Duk mai tambayar gajiyar wanda ke yi masa aiki, to ya tsaya ya ji amsa; in ba zai tsaya ba, ya daina tambaya.