Rami na Bakwai

Magana ta zaga asibitin cewa mai goge-goge ce ke jiƙa wayoyin kwamfutoci, shi ya sa sakamakon gwajin jini ke maƙalewa kafin ya kai ga likita. Manaja ya ce ranar Juma'a zai sallame ta.

Injiniyan asibitin ya ɗauko gwaggonsa, wadda ta yi shekara talatin tana aikin sadarwa. Ta tsaya gaban swic, akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa, kowace a raminta.

"Wane rami ne?"

"Na bakwai, Gwaggo. Saƙonni na isowa a lalace."

"Ƙarfe nawa suke lalacewa?"

Ya sosa ƙeya.

"Kai dai takarda kawai suka ba ka. Mayar da ƙidayar lalatattun saƙonnin sifili, mu zuba ido."

Ta kira mai goge-goge. "Yaushe kike goge nan?"

"Shida na safe, Hajiya. Wallahi tallahi..."

"Riƙe rantsuwarki, lokaci na tambaya."

Washegari ƙidayar ba ta motsa ba sai ƙarfe tara. Ta tsaya da ƙarfe ɗaya, ta ci gaba da biyu.

"Ruwan da ke zuwa cin abinci ban taɓa ganinsa ba," in ji Gwaggo.

Ta mayar da wayar rami na takwas, matsalar ta bi ta. Ramin lafiya lau ke nan.

"Kai ka shimfiɗa wayar?"

"Ni ne. Sabuwa dal, ba haɗi ko ɗaya."

Ta bi ta da sanda har ta shige ƙarƙashin kafet ɗin ofishin Manaja.

"Ranka ya daɗe, tashi."

"Hajiya, aiki nake yi!"

"Ni ma ba rawa na zo ba. Tashi."

Ya tashi. Injiniya ya ƙwalo kira daga can: "Ƙidayar ta tsaya!"

"Zauna."

"Ta ci gaba!"

Gwaggo ta ɗaga kafet. Daidai ƙafar kujerar, an yanke sabuwar wayar, an murɗa mata tsohuwa, an naɗe da filastar ciwo.

"Wa ke shigowa nan?"

"Ba kowa. Makullin yana aljihuna, ko shara ni nake yi."

Sai ya gane ya tona wa kansa asiri.

Manaja ne ya yanke mita goma ya kai gidansa. Nauyinsa ke matse haɗin duk sanda ya zauna. Mai goge-goge ba ta taɓa shiga ɗakin ba.