Sandar Ƙarfe Cikin Hankicin Baba

Ranar da matashin ya fara shigowa ɗakin gwajin, Injiniya tana sunkuye a kan na'urar auna kaushi, wadda siririyar allurarta ke bin fuskar ƙarfe tana zana tudu da kwarinsa. Ya ajiye tiren haƙoran injin yanka da aka aiko shi da su, kowanne sai ƙyalli yake.

"Wa ya goge waɗannan?" ta tambaya.

"Ni ne. Ai Madubi ake ce mini a wurin aiki."

"Sunan ya bi ka, amma a mayar. Rufin da muke yi wa ƙarfe bai kai kaurin gashi ba. In santsi ya yi yawa, ba ya samun wurin kamawa. In kaushi ya yi yawa, sai ya tsage a kan tudun."

Ya kwashe tirensa yana dariya. A wata guda sau tara ya dawo, har abokan aikinta suka fara cewa injin nan nasu haƙoran madara gare shi.

Saƙonsa na farko ya ce: "Likitar ƙarfe, yau na auna zuciyata, allura ta ƙi tsayawa. A duba mini."

Ta amsa: "Mara lafiya ya zo da kansa, ba a duba shi ta waya."

Sai dai akwai abin da ba ta faɗa masa ba. A aljihun teburinta akwai wata sandar ƙarfe, tsawon tafin hannu, naɗe cikin hankicin mahaifinta. Shekara bakwai da suka wuce, Baba ne ya yi wa sandar rufi. Rufin ya ɓare, sandar ta cije a cikin injin ɗaga kaya, kayan suka rufto kan direban injin. Aka ce aikin Baba ne ya kashe shi. Ya rufe shagonsa, ya daina zama a ƙofar gida, bayan shekara biyu ya rasu. Har yanzu in ɗakin gwajin ya yi tsit, takan ji kamar tarinsa a bayanta. Ba ta taɓa iya ɗora sandar a kan na'ura ba.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyar Madubi ta tambayi asalin yarinyar. Jin sunan shagon, sai ta ajiye kofin da ke hannunta.

"’Yar wanda ya kashe mini ɗan fari? Ga ’yar ƙanwata nan in aure kake so."

Kwana goma sha ɗaya ba saƙo. A na sha biyu Madubi ya shigo ɗakin gwajin da rana, ya rame.

"Direban nan yayana ne," ya ce. "Wallahi ban san Babanki ne mai shagon ba."

Ta jawo aljihun, ta kwance hankicin. Ta ɗora sandar a kan na'ura, ta saita allura a inda rufin ya ɓare amma ƙarfe bai ci ƙarfe ba. Layin da ya fito a allo miƙaƙƙe ne, kamar an ja shi da rula: santsi ya yi yawa.

Madubi ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a ƙasa.

"Ni na goge ta," ya ce a hankali. "Satina na uku a aiki. Yaya ya ce in share tsatsa kawai kafin a kai rufi. Na so in burge shi. Har fuskarsa ya duba a ciki, ya shafa kaina."

Ta yi zaton ranar da aka wanke Baba za ta ji sanyi. Ba ta ji ba. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baba ma ya kamata ya mayar da ita, kamar yadda na mayar maka da tirenka. Ba shi da na'ura, idonsa kuma ya fara rauni. Ba sai ka faɗa wa Mama ba."

"Sai na faɗa, Likitata. Mutum ya shiga kabari da kayana a kansa."

Ya faɗa wa Mama a falo, gaban hoton yayansa. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta rufe. Bayan sati biyu ta yafa mayafi, ta sa ya kai ta gidan su Injiniya. A bakin ƙofa ta kama hannun mahaifiyar Injiniya.

"Shekara bakwai ina kai ƙarar mijinki wurin Allah," ta ce. "Na zo ki yafe mini, in kuma roƙi ’yarki."

Matan biyu suka yi kuka har shayin da aka kawo ya huce.

An ɗaura auren ba tare da wani taro mai yawa ba. Da aka kawo amarya, Mama ta zaunar da ita a gefenta, ta ɗora hannu a kanta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. In namiji ya fara zuwa, sunan Babanki za a sa masa. Ni na ce."

Injiniya ta sunkuyar da kai, ta ce amin.