Motar da Ke Rawar Ɗari

Ranar Talata ce, da la'asar sakaliya, maigidana ya ce in ɗauko Mintu mu raka shi gareji. Kwana uku ke nan babu wuta a unguwarmu ta Talaje, ga zafin Yamai na watan huɗu. Watan yarinyar bakwai, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya, ba ta barci sai kuka. Ya ce tunda gyaran sai an kunna sanyin mota ake yinsa, gara ta samu ta runtsa a ciki.

Sunansa Kimba. A takarda kawai nake iya faɗa.

Wata biyu da sayen motar, da ita yake kai baƙi filin jirgi. Fara ce tas, kujerunta sababbi, kuma da araha ya same ta. Ciwonta ɗaya ne. In tana tsaye injin na aiki, aka danna kilim, na'urar sanyi ke nan, sai allurar injin ta faɗi, jikinta duka ya ɗauki rawa. Baƙi sun fara ƙorafi.

Ni tun ranar farko ban so ta ba. 'Yar Sarkawa ce ni, a Ayoru aka haife ni, babana da ruwa yake ci. Na san warin lakar gindin kogi, wadda take biyo taru in ya nutse da yawa. Shi nake ji in an kunna sanyin, a ƙarƙashin turaren da aka fesa. Wata rana kuma na ja bel ɗin kujerar baya har ƙarshensa, sai na ga zanen busasshiyar laka a jikinsa. Ban faɗa ba. Maigida yana son motar, kuma me mace mai aji huɗu ta sani game da mota?

Garejin Baba Tinni yana Gamkalle, daga bayansa ana hango kogi. Tsoho ne mai hurhura, hannuwansa baƙi ƙirin da man juye.

"Ka sake kawo min amaryar taka mai masassara?" in ji shi.

"Amarya lafiyarta lau, Baba. Likitan ne ya tsufa."

Ya yi dariya, ya leƙo ta taga ya amsa gaisuwata, ya ce in zauna abina a baya, ba za a daɗe ba. Na kwantar da Mintu a cinyata. Aka ɗaga gilasai.

Daga ciki ina jin su sama-sama. Baba Tinni yana lissafa abin da ya riga ya yi a zuwa uku: ya sake filogi, ya wanke maƙogwaron totur, ya bi tiyon iska ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai huji, ya canja robar da injin ke zaune a kai. Ya ce kwampiresar sanyi kaya ce ake ɗora wa injin. Duk injin da aka ɗora wa kaya zai ɗan nisa, sannan ya ƙara ƙarfi ya daidaita. "Taka ba nishi take ba," ya ce, "kakkarwa take."

Saura gwaji ɗaya. Zai cire wayar kwampiresa. Ba waya, ba sanyi, ba kaya. In ta daina rawa, an kama ɓarawon. In ba ta daina ba, a nemi ciwon wani wuri.

Aka kira magariba. Masu aiki a garejin suka ɗauki butoci suka fita. Baba Tinni ya ce minti biyu, su ma su bi sahu. Ya duƙa cikin bonet, ya ɗago yana nuna wayar a hannunsa. Maigida ya buɗe ƙofar gaba, ya danna maɓallin, ya rufe, ya koma wajensa.

Ban ji ƙas ɗin da kwampiresa take yi in ta kama ba.

Amma sanyin ya zo.

Ba ta ramukan gaba ya fito ba. Daga ƙasa ya taso, ya kama min idon sawu. Sai warin laka, wannan karon ba turare a kansa.

Motar ta fara rawa.

Ta ƙasan bonet na hangi Baba Tinni ya ɗora tafin hannunsa a kan injin. Ya daɗe. Na ji ya ce wa maigida, a hankali, injin nan ko motsi ba ya yi.

Ni na san inda rawar take. A kujerata take, daga hagu.

Na juya ido kawai, ban juya kai ba. Wurin da ba kowa ya lotsa, kamar yadda kujera ke lotsawa in an zauna. Jiƙa tana yaɗuwa a yadin, baƙa, tana matsowa wajen zanena. Sai na ji haƙora. Kaf-kaf-kaf, ƙasa-ƙasa, dab da kunnena. Na san wannan ƙarar. Haka wanda aka tsamo daga ruwa yake yi a cikin jirgin babana kafin a lulluɓe shi.

Mintu ta daina motsi. Leɓenta ya fara duhu.

Na ja hannun ƙofa. Ba ta buɗe ba. Na danna maɓallin gilas. Shiru.

Na buɗe baki in kira maigida. Shekara biyu da aure, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba. Abin da ya fito bai fi numfashi ba.

Baba Tinni ya zare wayar batir. Injin ya mutu. Gareji ya yi tsit, sai muryar liman daga nesa.

Motar ba ta daina rawa ba.

Gilasai suka yi hazo. A jikin hazon, ta ciki, sawun tafin hannu ya fito. Babba. Wani a kan wani, wani a kan wani, kamar na wadda ta daɗe tana bugu.

Ruwa ya rufe min takalmi.

Maigida na jijjiga ƙofa ta waje. Fuskarsa kamar daga ƙarƙashin kogi nake ganinta.

Sai ƙafar Mintu ta hagu ta miƙe. Ba ita ta miƙe ta ba. Na ga fatar idon sawunta ta lotsa wuri huɗu. Ana jan ta, sannu a hankali, yadda uwa ke janyo ɗanta cikin barci.

Na riƙe ta da hannu ɗaya. Jan ya ƙaru.

Babana ba ya yi wa ruwa tsawa. Yakan faɗa masa ko shi ɗan wane ne, kuma ba ya ƙwace komai bai bar wani abu ba. Da ɗaya hannun na warware zanen goyo daga ƙuguna, na shimfiɗa shi a kan wurin da ba kowa.

Zanen bai faɗi a kujera ba.

Ya tsaya a kan kafaɗu. Ya fitar da kai, a sunkuye.

"Baiwar Allah," na ce, "lulluɓa. Ni 'yar Nyandu ce na Ayoru. Wannan jikarsa ce. Ba taki ba ce."

Haƙoran suka tsaya.

Kan ya juyo gare ni a ƙarƙashin zanen. Ya sunkuya wajen fuskar Mintu. Ya daɗe yana dubawa.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Gilas ya tarwatse a bayana. Baba Tinni ne da sifana. Na miƙa masa yarinyar ta taga, maigida ya jawo ni, gilas ya yanke min gwiwa ban ji ba. Zafin waje ya dake ni. Baba Tinni ya rungume Mintu a ƙirjinsa yana murza bayanta yana addu'a, har ta yi tari ta tsala kuka.

A nan ne na faɗi zancen bel da warin laka, kaina a ƙasa. Tsohon ya miƙo min Mintu. Ya buɗe bayan motar, ya ɗaga safayar taya. Ramin cike da busasshiyar laka. A cikinta akwai takalmin yaro, ƙafa ɗaya, bai kai tsawon yatsana ba.

Ya ce ya tuna. Damina biyu da suka wuce ruwa ya ja wata farar mota a mashigi, ya kai ta kogi. An tsamo ta da gawar wata mata a kujerar baya. Ɗanta ba a gan shi ba. Ya ce wa maigida motar nan ba ta gyara ba ce, a yanka ta a sayar da ƙarfe, ko a mayar wa ruwa abinsa.

Maigida ya ce to. Bayan mako uku ya shigo da wata mota ja. Ban tambaya ba.

Mintu ta warke, tana gudu yanzu. Ƙafarta ta hagu ce dai ba ta ɗumi, ko a watan huɗu. Ba ta kwana a ƙarƙashin fanka.

Bara ina dawowa daga kasuwa da ita a baya, danja ta tsayar da motoci. Na ji ƙarar kafin in ganta. Motar nan ce, fara tas, an sa mata sabon gilas, duk a ɗage. Tana tsaye tana kakkarwa, direban na duban allura yana tsaki.

Zanena na nan a kujerar baya, a zaune. Wani yaro mai kayan makaranta ya jingina kansa da shi yana barci.

Wannan karon muryata ta fito. Na yi ihu har mutane suka juyo.

Amma gilas a rufe yake, kuma danja ta ba su hannu.